Ƙwayar Gwaji

Tana cikin ɗauraye bokitin da ya yi amai a ciki ta ji shi yana lalube a saman kabad. Ta san abin da yake nema. Da ta shigo ɗakin ta tarar har ya ɗora baƙin tabarau a hanci, yana fama da maɓallin riga da yatsun nan nasa da wuta ta nannaɗe.

"Cire in gani, maigida," ta ce.

Bai yi musu ba. Ya zare tabarau ɗin, ya juyo wajen taga. Farin idonsa ya rine ya koma ruwan ɗorawa, har ya fi na jiya. Ta ce masa wannan ciwon shawara ne, ba sai an kira likita ya faɗa ba. Ta tuna masa fitsarinsa da ya koma kamar ruwan shayi, da susar da yake yi har ya fitar da jini, da abincin da ya daina zama a cikinsa. Ya ce zazzaɓi ne, zai wuce. Sannan ya kama gefen mayafinta da hannun da ya fi lafiya.

"Tela, yau ba ranar ɗibar jini ba ce. Tambayoyi kawai za su yi, su ba ni sabuwar kwalba mu dawo. Don girman Allah ki kama bakinki."

Tela yake kiranta tun suna sabon aure, saboda keken ɗinkin da ta zo da shi. Ta ɓalla masa maɓallan, ta leƙa ta bar wa maƙwabciya amanar yara, suka fita.

Direban tankar mai ne shi a da. Wata rana motar ta ƙwace masa a gangare ta kife, wuta ta tashi. Shi ya samu ya fito ta gilashin gaba, ƙanensa da ya rako shi bai fito ba. Direba ya koma ya kama ƙofar da hannu biyu yana ja, ƙarfe ya yi ja yana cin namansa, yana jin muryar ƙanen har ta ɗauke. Mutane ne suka janye shi da ƙarfi.

Fata ta warke a hankali, amma zogin bai tafi ba, kuma abin da ya shiga kansa ya fi na jikin muni. Ƙyasta ashana kawai sai ya jiƙe da gumi. Warin fetur a jikin baƙo ya isa ya sa shi shigewa banɗaki ya kulle. In barci ya sace shi sai ya farka da ihu yana kashe wutar da ba kowa ke ganinta ba sai shi. A irin haka ne ya taɓa ganin wutar a jikin matarsa, ya yi ta bugunta da niyyar ceto har haƙorinta na gaba ya karye. An yi na asibiti, an yi na gida, duk a banza. 'Yan uwa suka fara rage zuwa dubiya, yara suka koyi tafiya da sanɗa.

Sai wata likita a babban asibiti ta ba su labarin gwajin wani sabon magani na masu irin lalurarsa, waɗanda haɗari ya bar wa ciwo a jiki da firgita a zuciya. Ta yi musu bayani dalla-dalla. Maganin bai shiga kasuwa ba tukuna. Rabin masu gwajin za a ba su na gaske, rabi kuma ƙwaya mai kama da shi wadda babu komai a ciki, kuma ita kanta likitar ba za ta san wanda ya samu wanne ba. Ta ja kunnensu cewa duk canjin da suka gani a jikinsa, komai ƙanƙantarsa, su faɗa. Direba ya ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama.

Ba a daɗe da fara ba shi ƙwayar ba gidan ya canza. Ya fara barci har da minshari. Zogin ya lafa. Ya koma cin abinci tare da yara, ya gyara ƙofar da ta daɗe tana kuka, ranar nan ma ya ɗauki auta a wuya suka wuce ta gaban gidan mai ko gezau bai yi ba. Ita ma Tela ta tuna yadda ake kwanciya ba tare da kunne ɗaya a buɗe ba.

A cikin bas ya zauna bayan mai tuƙin, yana ta tsokanarsa cewa yadda yake sa giya ko jaki aka yi wa haka sai ya kai ƙara. Fasinjoji suka yi ta dariya. Ita tana gefensa tana kallon ƙeyarsa, inda fata ta yi sheƙi kamar leda, tana ganin yadda yake haɗiye yawu a kai a kai don danne tashin zuciya. Da bas ta faɗa rami ya dafe gefen cikinsa na dama, ya yi sauri ya sauke hannun.

Sashen gwajin yana can ƙarshen wani dogon baranda, bayan ɗakin hoton ƙashi. Benci biyu ne a ƙofar, da fanka mai juyawa kamar an yi mata dole. Masu zuwa duk sun san juna. Akwai wata 'yar kasuwa da gini ya rufta mata, ba ta zama sai inda take ganin ƙofar fita. Akwai wani birkila da ya faɗo daga bene, yana dogara sanduna biyu, bakinsa ba ya hutawa. Shi ya daɗe da yanke wa kansa hukunci cewa ƙwayar banza ake ba shi.

"Ga ɗan gata nan ya iso," in ji Birkila. "Kai ka samu na gaske, mu kuwa alli muke haɗiya safe da yamma. Ranar da na mutu a fasa cikina, ya ishi makaranta guda rubutun shekara."

Aka yi dariya, har da 'yar kasuwar. Birkila ya tambayi dalilin dawowar tabarau, ko an koma samartaka ne. Direba ya ce hasken rana ne ya fara damun idon kamar farkon ƙunar. Ya faɗe shi lafiya lau, ba gargada. Tela ta sunkuyar da kai tana wasa da zaren da ya zare a bakin mayafinta.

Da aka kira su, nas ta ɗora shi a sikeli, ta auna hawan jininsa, ta ce ya ɗan rame. Likitar ta karɓe su da fara'a, don duk cikin masu zuwa babu wanda ya samu sauƙi kamarsa. Ta bi tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya. Barci? Alhamdu lillahi. Mafarkin wutar? Sai jefi-jefi. Zogi? Kamar an cire ƙaya. Amai, ƙaiƙayi, canjin fitsari, ciwon ciki? Ya girgiza kai a kan kowanne. Ta tambayi tabarau ɗin, ya maimaita abin da ya gaya wa Birkila, ta gyaɗa kai domin da shi ya fara zuwa wurinta tun farko. Nas ta kawo sabuwar kwalba, fara, mai lamba a jiki, ta ajiye a kan tebur.

Likitar ta juyo wajen Tela kamar yadda ta saba, ta tambaye ta ko ta lura da wani abu a gida.

Tela ta kalli kwalbar. Harshenta ya je ya taɓa gurbin haƙorin da ya karye. Ta san abin da ke jiran ta in aka ɗauke kwalbar nan daga tebur: ihu, jiƙaƙƙen zanin gado, yara maƙure a lungu, girki a tsakar gidan maƙwabta don kada ya ga harshen wuta. Ita ma mutum ce, ita ma ta gaji. Wata zuciyar ta ce mata ai jikinsa ne, shi ya san abin da ya gani a cikin motar nan, wa ya aike ta? Wata kuma ta nuna mata shi a miƙe an rufe da mayafi, ana tambayar ta tun yaushe idonsa ya canza.

"Babu komai, likita," ta ce.

Ta ji ajiyar zuciyarsa. Ya sa hannu ya ɗauki kwalbar ya jefa a aljihu, ya miƙe yana godiya. Da ya juya zai fita sai jiri ya ɗebe shi kaɗan, ya dafa bango, ya mayar da abin wasa, wai takalmin ne ya yi masa yawa. Tela ba ta tashi daga kujerar ba.

"Likita," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "ki ce ya cire tabarau."

Bai juyo ba sai da likitar ta zagayo tebur ta tsaya a gabansa. Ya cire da kansa. Likitar ta ja fatar idonsa ƙasa da ɗan yatsa, fara'ar ta bar fuskarta. Ta sa ya kwanta ta danna ƙasan haƙarƙarinsa na dama, ya cije leɓe bai yi ƙara ba. Nan take aka ɗebi jininsa aka ce a yi gaggawa. Nas ta miƙa hannu, ya daɗe yana kallon hannun kafin ya ciro kwalbar ya ba ta.

Suka zauna jiran sakamako a bencin waje, wuri ya rage tsakaninsu kamar na baƙi biyu a tasha. Sauran duk an sallame su sai Birkila da ke jiran mai ɗaukarsa. Ya kalli idon Direba, ya kawar da kai. Tela ta sayo ruwa ta ajiye kusa da mijinta. Bai taɓa ba.

Rana ta karkata kafin a sake kiran su. Likitar ta ce hantarsa ta kumbura, tana gab da gazawa, kuma da an ƙara ko 'yan kwanaki yana shan ƙwayar, da wata maganar ake yi. Ta buga waya an buɗe lambarsa kamar yadda doka ta tanada in rai na cikin haɗari: na gaske yake sha. Dole a dakatar da shi, a kwantar da shi a ga yadda hantar za ta farfaɗo. Za ta kuma sanar da masu lura da gwajin, a ɗebi jinin kowa.

Direba ya roƙe ta. Ya ce a rage masa zuwa rabi, ko kwata. Ya ce zai sa hannu a duk inda ake so cewa shi ya zaɓa, ko ya mutu babu ruwan kowa. Ta ce ba ta da wannan ikon, ko da tana da shi ma ba za ta yi ba. Ta yi masa alƙawarin za a mayar da shi kan tsofaffin magunguna in hanta ta yarda, a ci gaba da zaman tattaunawa, kuma abin da aka gano a jikinsa zai tsare wasu.

"Wasu," ya ce. Ya ɗaga hannuwansa biyu ya nuna mata. "Likita, sau ɗaya wuta ta ci waɗannan. Ni kuwa in ba maganin nan, kullum sai na koma cikin motar. Kullum sai ƙanena ya kira ni."

Likitar ta ce ta sani. Ya ce ba ta sani ba. Ba ta yi gardama ba.

Aka ba shi gado a ɗakin maza, kusa da taga, aka sa masa ƙarin ruwa a dantse don bayan hannun ba ya karɓar allura. Ya juya fuska bango. Tela ta shimfiɗa masa zanin gado, ta jera kofi da cokali a kan lokar gefen gado, ta zauna a kujerar roba. Ta shirya wa faɗa, ta shirya wa zagi, har ta shirya jin kalmar saki da ba ta taɓa ji daga bakinsa ba. Ko ɗaya bai zo ba. Masu dubiya suka yi ta shige da fice a sauran gadaje da kwanuka da ledoji.

Da nas ta zo duba ruwan, ya juyo ya tambaye ta ko maganin yakan daɗe a jiki bayan an daina sha. Ta ce a yadda aka koya musu yakan ɗan yi kwanaki kafin ya fita duka. Ya yi mata godiya. Ta wuce gado na gaba.

Sai a lokacin ya kalli matarsa, da idanun nan masu ruwan ɗorawa.

"Gobe ki zo min da yara," ya ce. "Ki yi musu wanka, ki sa musu kaya masu kyau. Su zo tun da saura a jikina."

Ta gyaɗa kai.

"Daga nan ki wuce da su gidan yayarki. Kada a sallame ni in same su a gida."

"Ni fa?" ta ce.

Ya ce wannan kuma ita ta sani, ba zai ce ta zauna ba, ba kuma zai ce ta tafi ba. Ya sake juyawa bango.

Aka kaɗa ƙararrawar tashin masu dubiya. Tela ta gyara masa filo, ta ja zanin ta rufe masa ƙafa. A bakin ƙofa nas ta tsayar da ita, ta ce ana rubuta wanda zai riƙa jinyar kowane maras lafiya, na gadon taga wa za a sa?

"Matarsa," ta ce, ta fita neman bas.