Jinjirin Watan Bara

Ranar ashirin da tara ga azumi hadari ya lulluɓe Salaga, babu wanda ya ga wata. An idar da magariba ke nan Sherif ya bugo waya daga Yendi, inda yake fataucin shanu, ya ce an ga wata a Bawku, har abokinsa ya turo hoto.

Mahaifinsa, Malam Issahaku, shi ne limamin unguwar zango, kuma jama'a na tsaye a ƙofar gida suna jiran abin da zai faɗa. Ya miƙa wa 'yarsa Mudassira wayar domin ta faɗaɗa masa hoton a kwamfutarta, da yake kula da na'urori ne aikinta a wata makaranta.

Jinjirin wata ya fito siriri bisa hasumiyar wani masallaci. Amma abin da ya tsayar da ita sunan hoton ne: lambobi goma a jere. Ta san irinsu, daƙiƙoƙi ne da na'ura ke ƙirgawa tun daga farkon shekarar 1970, masu nuna lokacin da aka ɗauki hoto. Ta buɗe baƙin allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ta yi bisimilla, ta rubuta date -u -d @1712687400. Amsa ta fito nan take: Talata, tara ga Afrilu, 2024.

"Baba, wannan watan bara ne."

Sherif bai kashe waya ba, ya ji. "Ke Mudassira! Yaushe kika zama mai duban wata? Na riga na shaida wa zango kaf, mahauta har sun fara wasa wuƙa."

"Sai su mayar da ita kube, Yaya."

"Kunyata ni za ki yi? Rufe abin nan ki je ki taya Inna aiki."

Ba ta rufe ba. Sai ma ta juya allon ya fuskanci mahaifinta.

"Ba zan yi shiru unguwa ta sha azumi a kan tsohon hoto ba, ko da kai ne ka turo shi."

Malam Issahaku ya daɗe yana duban lambobin da bai san kansu ba. "In na'urar taki ce ta yi kuskure fa?"

"A kawo mutum ɗaya da ya gani da idonsa, Baba. In an samu, ni zan fara ƙunsa lalle."

Dattijon ya karɓi wayar, ya matso da ita bakinsa. "Sherif, abokin naka shi ya gani?"

Can Sherif ya ce, cikin sanyin murya, shi ma abokin daga Pusiga aka turo masa.

Malam Issahaku ya gyara rawaninsa, ya fita wurin jama'a. Daga ɗaki Mudassira ta jiyo shi yana cewa a shigo sahu a yi asham, gobe akwai azumi. Ta rufe kwamfutar, ta je ta jiƙa geron sahur.