Wasiƙar da Salma Ta Karanta

Mutum biyu suka ɗaga keken guragun da Maiguwa ke kai suka haye da shi matakalar ofis ɗin a Buza. Ya gode musu, ya gangara har gaban teburin Manzo, ma'aikacin da ke karɓar takardu. Ya ce takardar shaidar ɗan ƙasa yake so, don a yi masa fasfo, tafiyar magani ce a gabansa.

Shekara biyu ke nan da rijiyar da yake gina a Allakaye ta rufta masa, lakar bayansa ta tsinke. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Barnabas, mai gasa masa ƙashi, shi ya ba shi labarin wasu likitoci a ƙasar waje da ke gwajin dasa ƙwayoyin halitta a wurin da laka ta yanke, ko jijiyoyin za su sake haɗuwa. Ya gargaɗe shi cewa gwaji ne kawai, amma ya aika da hotunan bayansa. Amsa ta zo da Faransanci. Maiguwa bai yi lakwal ba, bai san karatun boko ba, sai matarsa Salma, malamar firamare, ta karanta masa: an karɓe shi, ya ƙarfafa jikinsa, za a kira shi.

Wata takwas yana ɗaga buhun rairayi safe da yamma. Da aka nemi ya shiga koyon gyaran famfo a Madawa, ya ƙi, ya ce shi mai komawa rijiya ne. Yau da Salma ta tafi aiki, ya zaro wasiƙar daga akwatinta ya shiga mota, yana so ta dawo ta tarar ya gama rabin shirin.

Manzo ya karɓi wasiƙar daga hannunsa ya buɗe, ya karanta, ya sake karantawa. Ya tambaye shi wa ya fassara masa.

"Uwar ɗiyana. Mi ya faru?"

Manzo ya cire madubin idonsa ya rage murya. Ya ce likitocin sun yi godiya, amma gwajin na waɗanda rauninsu bai wuce 'yan watanni ba ne, nasa ya daɗe. Sun ce ko ga waɗanda aka ɗauka babu tabbacin za su taka. Ba su ce ya jira ba.

Maiguwa ya karɓi takardar ya ninke ta. Bai yarda kowa ya tura shi zuwa tasha ba.

La'asar ta yi lokacin da ya isa gida. Salma na tsakar gida tana duba littattafan ɗalibai. Ta ga ambulan a cinyarsa, ta ajiye alƙalami.

Ba ta yi musu ba. Ta ce ranar da wasiƙar ta zo kwanansa tara bai ci tuwo ba, ya juya fuska ga bango yana roƙon Allah ya ɗauke shi. Ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya, ta ga yadda yake kallonta, sai wata magana ta fito. Bayan nan kullum tana cewa gobe.

Ya tambaye ta wa kuma ya sani. Ta lissafa: Barnabas, wanda ta roƙa har ya yarda ya kame bakinsa, da yayansa Hamisu, da mahaifiyarsa.

"Har Inna?" in ji shi. "Ina zaune ina gaya muku ranar da zan sauka rijiya, kuna ce min amin?"

"Baban Farida, tsoro na ji kada ka mutu."

"Da kin bar ni na yi kukana tun lokacin, da yanzu na gama."

Ta matso za ta gyara masa ƙafar da ta zame daga kan matakin keken, ya ɗaga mata hannu. Ya sunkuya ya gyara da kansa. Sannan ya miƙa mata wasiƙar ya ce ta karanta masa, tun daga kwanan wata, kada ta tsallake ko kalma ɗaya.

Ta zauna a bakin tabarma ta soma, layi da Faransanci, layi da Hausa. Ya rufe ido yana sauraro, yana neman wurin da muryarta za ta bambanta da ta wancan karon da ta ɓoye masa gaskiya. Har ta kai ga sa hannun likita bai samu ba.