Injin da Ba a Kashe Ba

Duk mai noman tattasai a bakin kogin Komadugu ya san dokar: in ka ji injinan ban ruwa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya da rana tsaka, to mutanen daji masu bindigogi sun ƙetaro. Kashe naka, ka ranta a na kare.

Mamman Sani ya san wannan sarai. Amma ranar, kaito, kunnuwansa ba nasa ba ne. Abdulwahab mai shagon waya a kasuwar Diffa ya zuba masa a waya waƙoƙin wata mawaƙiyar zamani kaf, tun daga ta fari, ɗari da sha huɗu, irin waɗanda ba a matse sautinsu ba. "Har numfashinta za ka ji," in ji shi. Ya haɗa masa da abin kunne mai toshe duniya.

Kuma wallahi bai yi ƙarya ba. Gogan naka yana gyara kwari a gonarsu kusa da Assaga, yana jin yatsa na goga tsirkiyar gita, yana jin tana haɗiye miyau. Ya rantse sai ya kai ta ƙarshe kafin la'asar.

A ta sittin ya ɗaga kai. Ba kowa. Ga fartanya a yashe, ga takalmi ƙafa ɗaya. Ya fizge abin kunnen. Fadamar tsit, sai injinsa kaɗai ke tif-tif-tif, yana shelar inda yake.

Sai injin ya mutu. Mahaifinsa ne ya kashe shi, Malam Maikano mai ciwon gwiwa, wanda ya riga ya kai titi ya dawo da rarrafe. Ya ja ɗan suka kwanta cikin kwari, taɓo har haɓa.

Ga muryoyi nan tafe, ga ƙarar ƙarfe na bugun ƙarfe. Abin kunnen kuwa yana ƙasa, waƙa na tsiyaya siririya kamar kukan sauro. Innalillahi! Mamman ya kasa ko motsa yatsa. Tsohon ne ya miƙa hannu, ya danna wayar cikin taɓo har ta yi shiru.

Sun daɗe kwance bayan muryoyin sun yi nisa.

"Baba, ban ji ba," Mamman ya ce, hawaye na bin taɓon fuskarsa.

"Na sani," in ji tsohon a hankali. "Numfashinta kake ji. Ni kuwa sau bakwai na kira sunanka."