Kyandir ɗin Nibaldo

A duwatsun Chile, inda mutum ya mutu nan ake gina masa ɗan ɗaki kamar akurki, domin an ce kurwarsa tana wurin. Nibaldo kuwa bai zaɓi wuri mai kyau ba. A gindin gangaren da dusar ƙanƙara ta zaftaro ta binne shi aka kafa nasa, kuma duk ranar da ya cika shekara da rasuwa danginsa sukan hau alfadarai su kai masa kyandir, su tsaya daidai inda abin ya same shi.

Bana iska ta yi kwanaki tana kwashe ƙanƙara daga bayan dutsen tana jibgewa a kan gangaren. Matarsa Eulogia ta je da safe ta caka sanda. Sama ɓawo ne mai tauri, ƙasa kuwa gari kamar sukari. Da ta taka sai ta ji cikin ƙanƙarar ya yi wani nishi, alamar tana iya zaftarowa. Ta dawo ta kulle garken alfadaran, ta jefa makulli a rigarta.

"Amaryarmu, buɗe mana," in ji Remigio, ƙanin mamacin. "Ko kin samu wani ne kika manta da yayana?"

"Na samu. Shi ma ya ce ba zai bi ka ba."

Surukarta, Doña Hortensia, ta fito naɗe da bargo, kyandirori a hannu. "'Yar nan, ɗana yana can cikin sanyi yana jira."

"Mama, ya saba. Ku ne ba ku saba ba."

"Gari ya yi garau, rana ta fito."

"Ranar da ya tafi ma ta fito."

Remigio ya ce zai ɓalle ƙofar. Eulogia ta jawo kujera ta zauna a bakinta, ta haɗa shayin da suke kira mate, ta ce ya fara da ita. Tsohuwa ba za ta iya tafiyar a ƙafa ba, kowa ya sani. Remigio zai iya, amma sai ya tuna da ciwon gwiwarsa.

Aka wuni ana kallon dutsen. Ko ƙwayar ƙanƙara ba ta zubo ba. Dutsen ya zauna fari fes, kamar wanda aka yi wa ƙazafi.

"Kin gani?" in ji tsohuwar da yamma. "Da tuni mun je mun dawo. Kada ki ƙara ce mini Mama."

"To, Doña Hortensia."

Eulogia ta karɓi kyandir ɗaya daga hannunta, ta kunna a taga, ta fuskanci dutsen.

"Nibaldo, ga naka nan. In kana so ka sauko."

Sannan ta ɗora wa tsohuwar ruwan zafi na gasa ƙafa.