Ƙafar Totur

Da na bar asibiti na koma jinyar gida-gida, ƙawayena na wurin aiki sun yi ta yi mini jaje kamar wadda aka kora. Ko a jikina. Ɗaya ta koma ɗakin tiyata, ɗaya ta tafi koyarwa a makarantar jinya, wata kuma tana ta fafutukar ƙaro karatu, kowa da hanyarta. Ni na gaji da gadaje rututu a wuyan mutum biyu. Kamfanin da ya ɗauke ni yana biya gwargwadon gidajen da na shiga, da kuɗin mota a kai, abin da ke shigo mini bai gaza na da ba, kuma ina cin abinci tare da 'ya'yana. Na san aikina, musamman wankin gyambo. A nan kam ba na yi wa kowa kara.

Shi ya sa da aka ba ni Baba Direba na ɗauka abin zai zo da sauƙi. Dattijo ne mai ciwon suga, ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan motar haya, ga gyambo a tafin ƙafarsa ta dama ya ƙi warkewa. Likita ya faɗa wa 'yarsa, wadda kowa ke kira Auta, ba tare da ɓoye-ɓoye ba: in aka koma ganinsa ciwon bai fara haɗewa ba, za a yanke ƙafar.

Ranar farko na same shi a kujera a bakin ƙofar ɗakinsa, ya dube ni sama da ƙasa.

"Ke ce sabuwar? To, waɗanda suka riga ki ma da jaka suka zo, da jaka suka tafi."

"Ni ma da ita zan tafi, Baba, amma sai na ga bayan ciwon nan. Miƙo ƙafar."

Na wanke, na cire mataccen nama, na ɗaure. Na duba sugansa, na duba magungunansa, na shiga kicin na ga abin da Auta ke dafa masa. Komai daidai, yarinyar tana ƙoƙari. Na ce kada ya taka ƙafar sai dole, ya ce to, irin "to" ɗin da tsofaffi ke yi in suna so ka tafi.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk zuwan da zan yi sai in tarar gefen ciwon ya yi kyau, amma tsakiyarsa ya sake fashewa, bandeji ya baje kamar an danne shi da dutse. Na tambayi Auta ko yana yawo. Ta rantse daga ɗaki sai banɗaki. Raina ya fara ɓaci, don ba na son ciwo ya raina ni. A asibiti mara lafiya yana gabanka, ka san kwanciyarsa da tashinsa. A gida kuwa kai ne baƙo, abin da aka nuna maka shi za ka gani. Sai na canza lokacin zuwa, na zo da safe maimakon la'asar, ban gaya wa kowa ba.

Tun daga bakin titi na ji ƙarar inji. A bayan gidan, ƙarƙashin rumfar kwano, akwai wata tsohuwar mota da nake wucewa kullum ban kula ba, tayoyinta sun sace, an tokare ta da bulo. Baba Direba na zaune a gaban sitiyari, ya cusa ƙafar nan da bandejinta cikin wani tsohon takalmi sau-ciki, yana ba ta wuta har rumfar na rawa. Auta ta riga ta fita aiki.

Na ƙwanƙwasa gilashi. Ya kashe motar, ya ɗaure fuska kamar ni ce na yi laifi.

"Baba, ashe kai ne kake warware mini aiki?"

"Ɗumama ta nake yi. In ta kwana biyu ba a tashe ta ba, batir ya mutu, inji ya ci tsatsa. Ke kin san mota?"

"Ban san mota ba, na san ƙafa. Wannan takalmin da totur ɗin nan su ne za su kai ka gaban wuƙar likita."

Ya shafa sitiyari. Can ya ce, "Da ita na ciyar da gidan nan, 'yar nan. Da ita na kai uwar su Auta asibiti, da ita na dawo ni kaɗai. Ba zan zauna ina kallo ta mutu ba."

Tausayinsa ya kama ni, ban ɓoye ba. Na kuma san ko na ƙwace makulli, yana da wani a ƙarƙashin filo. Irinsu ba a yi musu dole.

"Matsa can," na ce. "Koma kujerar fasinja."

"Me za ki yi?"

"Ƙafarka tana hutu. Tawa lafiyarta ƙalau."

Ya yi ta gunaguni, amma ya matsa. Na cire masa takalmin nan na jefa a jakata, na ɗora ƙafar a kan filo, na zauna a mazauninsa. Ni da ko keke ban iya ba. Na murɗa makulli, na taka totur da ƙarfina, motar ta yi wani irin ihu.

"Kai! A hankali! Za ki kashe mini ita! Ana lallaɓa ta ne, kamar yadda kike taɓa ciwon nan."

Daga ranar na mayar da gidansa farkon zagayena. Sai mu tada mota tukuna, shi yana saurare da kunne yana ba ni umarni, ni ina takawa, sannan mu koma ɗaki in wanke ƙafa, a nan kuma ni ce mai umarni. Ranakun da ba na zuwa, Auta ke zama a gaban sitiyari kafin ta fita. Shugabar sashenmu ta ji labari, ta kira ni tana dariya, wai ko in ƙara "makaniki" a takardar aikina. Ta kuma yi mini tayin kujerar mai duba sauran ma'aikata a ofis, da ƙarin albashi. Na ce ta ajiye mini, zan zo mu yi magana, amma ba yanzu ba, ina da ƙafa a hannu.

Ciwon ya fara tsukewa daga gefe, jan nama mai kyau ya taso. Ranar komawa asibiti na raka su. Likita ya kwance bandeji, ya daɗe yana dubawa, ya danna nan ya danna can. Auta ta riƙe hannuna har yatsuna suka yi zafi.

"Ba za mu taɓa ƙafar nan ba," in ji likita. "Ku ci gaba da abin da kuke yi."

Auta ta fashe da kuka. Baba Direba ya juya fuska wajen taga, ya ce wai iskar fanka ce ta shiga masa ido.

Da muka dawo gida na ce masa in fatar ta gama ƙarfi, da takalmi mai laushi, zai iya komawa mazauninsa. Ya zauna a kujerarsa yana kallon ƙafar.

"Sista, bari in gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Na daɗe ba na jin totur a ƙafar nan. Shi ya sa nake dannawa da ƙarfi, ina neman in ji shi."

Na sani, suga ya riga ya cinye jijiyoyin, kuma ba za su dawo ba. Ban yi masa ƙarya ba, na ce haka ne, Baba.

Ya gyaɗa kai, ya laluba aljihu, ya ƙwala wa Auta kira. Ta fito tana goge hannu, ya danƙa mata makullin.

"Gobe ki nemo mai faci ya gyara tayoyin nan, a sauke ta daga bulo. Za ki koyi tuƙi. Ni zan zauna a gefe, da ƙafafuna biyu."