Layin Akwatin Makau

Shagon intanet na Makau a Anka yana da wani ɗan akwati mai ƙiftawa, wanda duk saƙon da zai fita sai ya bi ta cikinsa. Hanyar ƙarama ce, saboda haka saƙonni kan jeru kamar kwanuka a wajen injin niƙa. Makau ne da hannunsa ya tsara layin: na dillalan zinari a gaba, na sauran jama'a a wani ɗan lungu. Idan lungun ya cika, duk abin da ya zo sai akwatin ya watsar, ko sallama babu. Shi kuwa har yabon kansa yake a kan wannan wayo.

Ran nan da hantsi Inna Balaraba ta sauka daga babur, tun daga Sunke. Ɗanta Lirwanu ya tafi haƙar zinari Nijar ba da yardarta ba, rami ya rufta masa, yana kwance asibiti a Agadas. Abokinsa Shehu ne ya riƙe masa waya, Makau ya miƙa mata wayar shagon, ya haɗa su ta akwatin.

"Inna, ki yahe mini," in ji Lirwanu, muryarsa a dushe.

"Na yahe maka, ɗana."

Maganarsa na shigowa, tata ba ta fita. A gefe, Alhaji Jibo dillalin zinari yana tura bidiyon walimar sabon gidansa, ya cika hanyar taf. Makau ya sani sarai. Dannawa ɗaya zai yi, muryar tsohuwa ta wuce gaba. Ya miƙa hannu, Jibo ya ɗago kai.

"Kak ka taɓa mini shi, ya kusa."

Makau ya janye hannun, ya shiga gyaran hula. Tsoro ne kawai, ba wani abu ba.

"Inna, kin yi shuru. Hal yanzu hushin na?"

Ta kama wayar da hannu biyu tana ɗaga murya, har masu wucewa suka tsaya. Akwatin yana karɓar kalmominta yana zubarwa. Yaron ya sake tambaya, sannan ya daina.

Jibo ya yi miƙa, ya ce nasa ya tafi duka, ya sa takalmi.

"Na yahe maka, duniya da lahira!" Inna Balaraba ta sake faɗa da ƙarfi.

Can aka ji muryar Shehu, yana kuka.

"Yanzu muna jin ki sosai, Inna. Amma ya riga ya cika."