Salansar Ebbe

"Ebbe! Kashe wannan tsiyar, kofunana sai rawa suke a kan kanta!"

Ya zaro kai daga ƙarƙashin bonet, hancinsa duk baƙin mai. "Me kika ce, Gunvor? Ba na ji!"

"To ai maganar ke nan!"

Shinge ne kawai tsakanin gidana da nasa. Tun rasuwar matarsa yake zaune shi kaɗai, sai akori-kurar nan da ta girmi 'yarsa Malin. Kullum yana cikinta: ya wanke nozul da kansa, ya sauya fulogai, ya samo faffaɗar filtar iska a wurin masu tsofaffin kayan mota. Duk na haƙura. Amma da ya cire salansa ya ɗaura wani ƙaton bututu, wai inji ya samu numfashi, sai na tashi haiƙan. Kowace safiya idan ya tayar da ita, layinmu kaf ya san Ebbe ya farka.

Na yi mita, na yi gori, har na daina kai masa burodin kirfa. Da lokacin kaka ya shigo, ya mayar da salansar.

"Yanzu a hawan tudu sai ta yi ta nishi kamar ni," in ji shi. "Amma gimbiya ta samu barci."

"Da ma can hayaniya ce, ba ƙarfi ba," na ce, ina ta murna.

Wayyo ni. A da, in gari ya waye ba a ji rurin nan ba, da silifas zan ruga in buga masa ƙofa. Yanzu kuwa shiru ya zama abin kullum. Wata safiya cikin hunturu na sha kofina hankali kwance, na sake sha washegari. Mai kawo wasiƙa ce ta lura ba a share dusar ƙanƙarar da ta taru a ƙofarsa ba.

A gareji aka same shi, gefen taya, sifana na kusa da hannunsa. Bugun zuciya ne. Likita ya ce bai tafi nan take ba.

Bayan jana'iza Malin ta zo ɗaukar motar. Ta rungume ni.

"Baba ya ce ke kaɗai ke kula da motsinsa a layin nan. Na gode, Gunvor."

Na koma kicin na zauna, ina jiran in ji tashin motar. Da na leƙa taga, garejin a buɗe, wayam, sai sawun taya a kan ƙanƙara. Ko kofi ɗaya bai motsa ba.